Majigin da Bukar Ya Ɗauko

Da sunan Allah nake farawa. Ni ban yi boko ba, ban iya riƙe alƙalami ba, faɗa nake yi ana rubuta mini. Maigidana, wanda Haɗeja ta sani da Malam Haruna Mai Majigi, ya rasu bara bayan ruwa ya janye. Har yau idan na ji an tayar da janareta a maƙwabta sai in zabura in nemo masa hula, sai na kai ƙofar ɗaki nake tunawa. Kuka nake yi, kuma ba na ɓoyewa.

Yaran nan masu tura fim a waya a bakin kasuwa sun zo mini gaisuwa, Allah ya yi musu albarka. Suka hango injin Malam a ƙarƙashin gado, suka jawo shi suna jujjuyawa. Ɗaya ya ce, "Iya, ashe ku a sama kuka ci. A kunna inji a zauna, mutane su kawo hatsi." Sauran suka yi dariya. Ban tanka masa ba, don ina cikin takaba. Yanzu na fita, ga amsarsa.

Aikin farko da Malam ya ba ni, ina amarya lalle bai gama fita a hannuna ba, shi ne duba faifai. A wancan zamani fim doguwar igiya ce mai faɗin yatsa, a naɗe a jikin ƙarfe kamar faifan rufe ƙwarya, a cikin gwangwani. Fim ɗaya yakan ci gwangwanaye da dama. Daga Kano Malam yake ɗauko su haya, kuma kafin su iso hannunmu sun sha yawo, sun karce, sun bushe. A gefen igiyar akwai 'yan ramuka da haƙoran inji ke kamawa. Idan rami ya yage inji ya cije, fitila takan ƙona hoton a gaban jama'a, sai ka ga fuskar mutum tana narkewa a kan ƙyalle, yara suna ihu. Don haka da hantsi nake zama a tsakar gida in riƙa jan igiyar tsakanin babban yatsa da manuni, idona a rufe, har in ji inda ta ji ciwo. In yanke da reza, in kankare bakin, in shafa man farce marar launi, in haɗa, in danne da bayan cokali. Malam ba mai faɗa ba ne. Idan haɗin bai yi ba sai ya ja shi a gabana ya rabu biyu, ya miƙo mini, ya koma goge madubin injinsa. Haka na koya. Da yake ba na karanta lamba, zare nake ɗaura wa gwangwanayen don kada in rikita su: fari shi ne na farko, sai ja, sai kore, baƙi kullum shi ne na ƙarshe.

Ƙyallen ma nawa ne. Farin akoko ne da na haɗa da hannuna, na yi masa kunnuwa a gefe inda gora ke shiga. Ba a wanke shi da ruwan kogi, ja yake yi, sai na rijiya da bula. A ƙauyukan fadama iska ce abokiyar gaba, tana iya kumbura ƙyalle doki ya koma kamar raƙumi. Bayan iska sai ƙwari. Da an kunna fitila duk wani abu mai fiffike da ke tsakanin Auyo da Baturiya sai ya taho ya shiga hasken. Nakan tara busasshen kashin shanu in yi hayaƙi ta inda iska ke tahowa. Idan ya yi kaɗan ƙwari su rufe hoto, idan ya yi yawa hayaƙin ya rufe shi. Da damina kuwa a kwalekwale muke tafiya, janareta a tsakiya, Malam rungume da inji, ni gwangwanaye a cinya na lulluɓe su da zanena.

Amma duk wannan bai kai magana wuya ba. Malam ba ya jin Turanci sai na gaisuwa, kuma mutanen fim ɗin ma bakinsu daban yake tafiya, maganar daban. Idan sabon fim ya zo sai ya rufe zaure ya kalle shi shi kaɗai, ya raɗa wa kowa suna, ya gina labarin. A fili kuma ya riƙe abin magana yana ba su baki da Hausa, yana sa wargi inda mutane suka fara hamma, yana yin shiru inda ya kamata a ji tsoro. Ni kuma wurina cikin mata, a gefe, ina maimaita musu abin da kukan yara ya hana su ji. Kuma ni ce kunnensa. Duk garin da muka sauka a cikin gida nake yini, in ji wanda aka yi wa rasuwa, da gidajen da ba sa ga maciji da juna, da sunan da bai kamata a raɗa wa mugun fim ba don sunan surukin mai gari ne. Kafin magariba na kai masa rahoto tare da ruwan alwala.

Masunta da manoma fim ɗin kaboyi suke so. Kaboyin kuma iri biyu ne. Akwai na da, masu tsabta, jarumi ya yi faɗa ya gama hularsa ba ta karkace ba. Daga baya wasu suka fara zuwa, mai ba da haya ya gaya wa Malam wai mutanen Italiya ne ke yin su. Mu "na laka" muke ce musu. Ruwan sama ba ya ɗaukewa a cikinsu, gari duk taɓo, gidaje a ƙone, ga wata waƙa mai kama da kukan mutuwa. Jarumin ba jarumi ba ne, soja ne da aka ci su da yaƙi, ya dawo da yagaggen kaki ruwan toka, ba doki, ba takalmi, ya tarar ba wanda ke jiransa. Da farko Malam ya ɗauka ba za su karɓu ba. Ashe mutanenmu sun san laka, sun san mutum ya tafi nema ya dawo hannu wofi. Shiru suke yi suna kallo kamar ana wa'azi.

Shekarar da ta karya mu ita ce ta babbar ambaliya. Ruwa ya shigo unguwarmu muna ƙauye, ya kwana a ɗakin da muke ajiya. Da muka dawo muka buɗe gwangwanayen haya, igiyoyin sun manne sun zama kamar ƙullin danƙo. Na yini ina ɓamɓarewa, hoto yana biyo yatsana. Mai haya ya rufe mana ƙofa. Abin da ya tsira fim ɗaya ne, wanda muka tafi da shi, wani na laka da ya tsufa har mai shi ya sallama wa Malam. Sojan ciki Malam ya raɗa masa Mai Toka. An ci su da yaƙi, an tsare su a wani shinge, an sake su sun taho a ƙasa suna mutuwa a hanya. Ya iso gida ya tarar wani abokinsa, wanda muke kira Mai Agogo, ya shige gidansa ya gaje gonarsa da iyalinsa. A gwangwani na ƙarshe Mai Toka yake harbe shi a tsakiyar gari, cikin ruwan sama.

Shi muka yi ta nunawa duk ranar kasuwa a wani kango a Haɗeja, har yara suka haddace wargin Malam suna riga shi faɗa. Mutane suka ragu. Amma akwai wani dogon mutum ramamme da ba ya fashi. Can baya yake tsugunawa, ba ya dariya, ba ya sayen gyaɗa, yana ɗan ɗingishi idan zai tafi. Wata rana ya tsaya har muka naɗe ƙyalle, ya ce sunansa Bukar, yana so mu kai wannan fim ɗin garinsu, shi zai ɗauki nauyin jirgin ruwa da mai, ga kuma tunkiya. A shekarar da ba mu da abin sa wa a tukunya, Malam bai tambaye shi dalili ba. Ya dai ce masa fim ɗin ya tsufa. Bukar ya ce shi ɗin yake so.

Ba zan faɗi sunan garin ba, jikokinsu suna nan. Tudu ne a bayan Auyo da ruwa ke zagayewa rabin shekara, mutanensa Barebari ne, asalinsu daga wajen tafkin Chadi suke. Mun isa da azahar. Aka sauke ni a gidan Bulama, mai garin, Malam kuma ya wuce fili kafa gora. Matar Bulama ta kawo mini fura, muka gaisa, na ce ai wani bawan Allah ne ya ɗauko mu, Bukar. Sai ta ajiye ludayi. Ta ce wane Bukar. Na kwatanta shi. Ta kori yaran da ke tsakar gida, ta matso.

Ta ce Bukar masunci ne, ya tafi tafki kamun kifi kamar yadda samarinsu ke yi, yaƙin Chadi ya rutsa da su, aka kama su aka ba su bindiga. Daga baya labari ya zo an murƙushe ɓangarensu, ba wanda ya fita. Matarsa Falmata ta yi shekaru tana jira, har alƙali ya yanke, aka yi masa addu'a, ta yi takaba. Manya suka ga kada yara da fadama su fita daga gidan, suka aura mata ƙanensa Modu. Ta haifa wa Modu 'ya'ya. Sai farkon daminar nan ga Bukar ya sauko daga jirgi, yatsun ƙafarsa ba su cika ba. Bai nemi mata ba, bai nemi gona ba, bai gaya wa kowa inda ya kasance ba. A zauren gidan marigayiya uwarsu yake kwana, yana kallon ƙofar Modu. Kwanan nan kuma aka ce ya sayi bindiga a wurin maharban tsuntsu na Baturiya.

Sannan ta tambaye ni, "Ke matar mai majigi, wane irin fim kuka kawo mana? Na rawa ne?"

Na ajiye furar. Na ɗauki buta na ce zan kai wa Malam ruwa. Na same shi a kan kujera yana ɗaure gora, na gaya masa komai a tsaye. Ya sauko a hankali, ya dubi wajen janareta. Bukar na zaune a can kan tabarma, da wani dogon abu naɗe a buhu a kan cinyarsa.

Na ce mu naɗe kayanmu mu tafi. Malam ya ce da wane jirgin, mai jirgi ya juya sai gobe, ga mutanen rugage da tungaye sun fara isowa. Ya je ya sami Bulama a gefe. Bulama da ya ji yadda fim ɗin yake ƙarewa sai ya ce a fasa. Malam ya ce masa idan aka fasa, mutumin nan zai yi abin da ya yi niyya ba tare da majigi ba, kuma ba wanda ya san lokacin. Idan aka nuna, ko ba komai abin magana yana hannunsa. Zai juya labarin, ya ce Mai Agogo amana ya riƙe wa abokinsa, ya yi ta ba da haƙuri da bakin mutanen fim. Gwangwani mai baƙin zare kuwa ni zan zauna a kansa cikin mata, idan an zo wurin a ce ruwa ya lalata shi. Aka aika a gaya wa Modu ya kwana a gona. Ya ƙi, ya ce idan bai zo ba gari zai ce tsoro ya ji.

Bayan isha'i fili ya cika. Na zauna a kan gwangwanina na baza zane. Wata mace doguwa mai goyo ta zauna kusa da ni, aka raɗa mini ita ce Falmata. Modu yana sahun gaba kusa da Bulama, gajere mai ƙiba, sai murmushi yake yi wa kowa ba dalili. Malam ya tayar da inji, ya yi sallama, ya fara da wasan da yake yi wa Barebari, aka ɗan yi dariya. Sojoji masu toka suka fito a ƙyalle, a jere, kansu a ƙasa, ana karɓe musu bindigogi.

Sai na ga Bukar ya miƙe. Buhun yana hammatarsa. Ya taka har gaban Malam ya miƙa hannu. A iya zamana da Malam ban taɓa ganin ya ba wani abin maganarsa ba, ko ni ban taɓa riƙe shi a fili ba. Malam ya dubi hannun, ya dubi buhun, ya ba shi.

Muryar Bukar ta fito ta lasifika a dishe. Ya ce, "Jama'a, wancan na uku a layi, ni ne."

Daga nan bai tsaya ba. Ya san fim ɗin fiye da mu, ya san inda hoto zai juya kafin ya juya. Da aka nuna manyan sojoji suna hawa keken doki, ya ce ga shugabanninsu nan, a mota suka gudu da asuba suka bar su da harsashin da bai kai azahar ba. Da aka nuna shinge, ya faɗi yadda aka tsare su a cikin rairayi, rana ta kashe na kashewa, sanyi ya ɗauki saura, suna tafasa fatar takalmi su sha ruwan. Da wani yaro ya faɗi a laka aka wuce shi, ya kira sunan wani saurayi na tungar da ke gabas da su, ya ce ga inda ya bar shi, da hannu ya tona masa rami, bai yi zurfi ba. Wata tsohuwa a bayana ta ƙwalla ƙara, aka riƙe ta. Ni da aikina shi ne in maimaita wa mata, bakina ya mutu. Ba wanda ya buƙaci maimaici. Ko jarirai sun yi tsit. Na manta da hayaƙi, ƙwari suka cika hasken, ba wanda ya kore su. Malam yana canza faifai, Bukar yana tsaye yana jira, ya ɗora daga inda ya tsaya.

Akwai wani wuri da Mai Toka ke magana da wani falke mai alfadari ta ramin shinge. Malam kullum cewa yake taba yake roƙo, a yi dariya. Da aka zo nan Bukar ya ce, "Wannan falken kifi ne, ɗan ƙasarmu. Na ce masa, don Allah idan ka je ka nemi ƙanena Modu, ka ce masa ina raye, kada a taɓa mini iyali, ina nan tafe ko da rarrafe. Ya tafi. Da ya sake zagayowa ya ce mini ya faɗa masa baki da baki, a ƙofar masallacin garin nan, har Modu ya ba shi goro. Lokacin ba a je wurin alƙali ba."

Falmata ta kama wuyan hannuna. Har gobe ina jin wurin. Ta ce, ba da ƙarfi ba, kamar da ni take, "Bai gaya mini ba. Wallahi bai gaya mini ba."

Modu ya tashi tsaye, inuwar kansa ta hau ƙyalle. Ya ce, "Yaya."

Bukar ya ce, "Ƙarya na yi?"

Modu ya dubi Bulama, Bulama ya dubi ƙasa.

"Ba ka yi ƙarya ba, Yaya."

Fili ya ɗauki salati. A ƙyalle Mai Toka ya iso ƙofar gidansa, Mai Agogo ya fito yana goge baki, igiya ta ƙare, farin haske ya rage. Malam ya yi gyaran murya ya ce jama'a a yi haƙuri, faifai na ƙarshe ambaliya ta ci shi, nan za a tsaya.

Bukar ya ce, "Malam Haruna, ranar kasuwar da ta wuce na kalle shi, lafiyarsa ƙalau." Ya juyo wajen mata. "Matar Malam, a gafarce ni, tashi daga kansa."

Ban san yadda ya sani ba. Na tashi. Na ɗauki gwangwanin na ratsa mutane. Da na miƙa wa Malam ya raɗa mini cewa idan na ji ƙara in kwanta a ƙasa. Ya zura igiyar, sai da ya sake, don karo na farko ya kuskure haƙoran. Bukar ya ce wa Modu ya je ya tsaya a gefen ƙyalle inda kowa zai gan shi. Modu ya tafi kamar rago, ya tsaya ya riƙe gora. Bulama ya fara cewa Bukar ka dubi Allah, Bukar ya ce Allah yake duba, a kunna. Ya ajiye abin magana a ƙasa, ya warware buhun.

Faifan nan haka ya tafi ba bakin kowa a kansa, sai ƙarar ruwan sama da waccan waƙa. Ba wanda ya gudu, ban san dalili ba har yau. Mai Toka yana tafiya a tsakiyar gari, Mai Agogo yana ja da baya, ga Modu a gefe haske yana wasa a rabin fuskarsa, ga Bukar tsaye kusa da inji da bindiga a hannu, bakinta a ƙasa. Na san daidai inda harbin yake, don akwai haɗina a wurin, hoton yakan ɗan yi tsalle. Da na ga tsallen na rufe ido. Lasifika ta yi ƙara. Na jira ta biyu, ta gaske.

Ba ta zo ba. Da na buɗe ido Mai Agogo yana kwance a laka, Modu kuma ya sulale ya zauna a gindin gora, ya jiƙa wandonsa, da ransa. Bukar ya taka ya ajiye bindigar a gaban Bulama. Ya ce, "Kowa ya gani. An yi, an gama." Ya wuce zaurensa yana ɗingishi.

Malam ya kashe inji ya zauna a ƙasa ya yi ta hamdala. Ya ce mini, "Talatu, yau mun ga ikon Allah, an rabu ba jini." Ni ma haka na ɗauka. Allah ya ji ƙan Malam, mutum ne mai kyautata zato, har ya koma ga Mahaliccinsa bai daina ba.

Da safe muna ninke ƙyalle, shi riƙe da baki ɗaya ni da ɗaya, sai muka ga mutane suna tsaitsaye a bakin hanya. Muka matsa. Bukar ya share ƙofar gidan uwarsu, ya shimfiɗa tabarmi kamar yadda ake yi idan an yi rashi. Ya saye ƙosan mai ƙosai kaf, ya zuba a babban kwando a gabansa. Ya zauna ya tanƙwashe ƙafa da carbi a hannu. Duk wanda ya gifta sai ya tura kwandon ya ce, "Sadakar ƙanena Modu ce. A sa shi a addu'a."

Ƙofar Modu tana kallon wurin, nisan bai kai jifa ba. Shi kansa yana tsaye a bakin zaurensa da buta a hannu.

Aka kira liman. Dattijo ne, ya zo da sanda yana haki, ya ce, "Malam Bukar, ka ji tsoron Allah. Ba a yi wa mai rai wannan."

Bukar ya ce, "Allah gafarta Malam, kai ka ja addu'ar tawa a nan wurin, a kan tabarmin nan. Ina raye a lokacin. Ka ci ko ba ka ci ba?"

Ba wanda ya taɓa kwandon, ba kuma wanda ya tafi. Malam ya matse gefen ƙyallen da ke hannunsa har ya yamutse.

Sai Falmata ta fito daga gidan Modu. Ta yafa baƙin mayafi, ba goyo a bayanta, ba ɗan kunne, ba kwalli. Ta bi ta gefen mijinta, ta tsallaka hanya, ta cire takalmi a bakin tabarma, ta durƙusa nesa kaɗan da Bukar.

Ta ce, "Ya haƙuri?"

Ya ce, "Mun gode Allah."

Ta sa hannu a kwando ta ɗauki ƙosai ɗaya. Ta ce, "Allah ya ji ƙansa, ya yafe masa." Ta kai baki.

Modu ya kira sunanta daga can, a hankali, yadda mutum ke kiran matarsa a cikin ɗaki. Ba ta waiga ba. Ta tauna, ta haɗiye, ta goge yatsunta a gefen zane. Butar ta kuɓuce daga hannunsa, ruwan ya bi ƙasa. Tsohuwar nan da aka riƙe jiya ta matso ta cire takalmi ita ma, sai wani masunci a bayanta, sai wani. Modu yana tsaye yana kallo har kwandon ya ƙare.